Yadda Ake Haɗa Kwamfutar Tebur Mai Sanyaya da Ruwa

Ruwa ba ya kashe zafi, ɗaukarsa kawai yake yi daga inda ya taru ya kai shi inda iska za ta iya kwashe shi. Wanda ya riƙe wannan magana tun kafin ya sayi ko da noti ɗaya ya tsira daga rabin kurakuran da masu fara wannan aiki suke yi. Dalilin da ya sa ake zaɓar ruwa shi ne yawan zafin da yake iya haɗiyewa: giram ɗaya na ruwa yana bukatar kimanin jul 4.2 (jul ma'aunin makamashi ne) kafin zafinsa ya ƙaru da digiri ɗaya, alhali giram ɗaya na iska jul ɗaya ya ishe shi. Amma komai kyawun kayan da aka haɗa, ruwan ba zai taɓa yin sanyi fiye da iskar ɗakin da kwamfutar take ciki ba, domin a ƙarshe iskar ɗakin ce take karɓar zafin ta cikin lagireto.

Saboda haka aikin yana farawa da biro da takarda. A rubuta yawan wutar da furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfuta) da katin hoto (allon da yake sarrafa hotunan da ake gani a fuskar kwamfuta) suke ja idan suna aiki gadan-gadan, tun da kusan duk wutar da suka ja zafi take komawa. Misali, Core i9-14900K na Intel yana kaiwa wat 253, katin RTX 4090 na Nvidia kuma wat 450, wato wajen wat 700 ke nan idan an haɗa. Ƙa'idar da masu wannan sana'a suke aiki da ita, wadda kirdado ce ba doka ba, ita ce a ware gurbin fanka ɗaya mai milimita 120 a jikin lagireto ga kowane wat 100. Bisa wannan lissafi, kwamfutar da muka yi misali da ita tana son gurbi bakwai, ke nan lagireto biyu masu milimita 360, kowane mai gurbi uku, wato gurbi shida, su ne mafi ƙarancin abin da za a saka mata, kuma ko da su sai fankokin sun ɗan ɗaga murya. A ganina faɗin lagireto ya fi kaurinsa amfani. Mai kaurin milimita 30 yana aiki sumul da fanka mai juyawa a hankali, shi kuwa mai kaurin 60 sai an tura masa iska da ƙarfi, kuma sau da yawa yakan ci wurin da katin hoto ko sandunan RAM (ma'ajiyar wucin gadi ta kwamfuta) suke bukata. A auna cikin akwatin da tef, a haɗa da kaurin fanka, wanda yawanci milimita 25 ne, kafin a yanke shawara.

Sauran kayan ba su da yawa. Akwai bulok, wato farantin ƙarfe mai siraran hanyoyin ruwa a ciki wanda ake ɗaurawa a kan furosesa, kuma tilas ya dace da soket, wato mazaunin furosesa a kan babban allon da ake jona duk sassan kwamfuta a kai, ko AM5 ne na AMD ko LGA1700 ko LGA1851 na Intel. Bulok na katin hoto ya fi tsauri wajen zaɓe, domin katuna biyu masu suna ɗaya daga kamfanoni biyu suna iya bambanta a tsarin allonsu, don haka sai an duba jerin katunan da mai ƙera bulok ɗin ya ce ya dace da su. Sai famfo, wato injin da yake tura ruwan, wanda kusan kowa yake zaɓa tsakanin iri biyu: D5, mai girma da shiru da tura ruwa mai yawa, da DDC, ƙarami mai ƙarfin matsi wanda ya fi dacewa da ƙaramin akwati amma ya fi ɗaukar zafi. Sai tanki, wanda ya fi sauƙi a saye shi haɗe da famfon. Sai tiyo da mahaɗai, wato notinan da suke haɗa tiyo da sauran kayan. Kusan duk kamfanonin da suke wannan harka, irin su EKWB da Alphacool da Watercool da Bitspower da Corsair, suna amfani da zaren noti iri ɗaya mai suna G1/4, shi ya sa ake iya gauraya kayansu ba tare da matsala ba.

Abin da ba a gaurayawa shi ne ƙarfe. Jan ƙarfe da tagulla da nikel suna zama lafiya a ruwa ɗaya, amma idan aka saka alminiyam a cikinsu, ruwan yakan zama gada tsakanin ƙarafan biyu, sai alminiyam ɗin ya riƙa cinyewa a hankali, garinsa ya toshe siraran hanyoyin bulok, wata rana kuma ya huje. Lagireto mai arha sau da yawa na alminiyam ne, kuma fenti baƙi ba ya nuna abin da yake ƙarƙashinsa, saboda haka a karanta bayanin kayan da kyau.

Batun tiyo kuwa, shawarata ga wanda bai taɓa yi ba ita ce ya fara da mai laushi. Ana rubuta girmansa da lamba biyu, kamar 10/16, ma'ana faɗin ciki milimita 10, na waje 16, kuma dole mahaɗin ya dace da lambobin biyu, ba ɗaya kaɗai ba. Mai kaurin jiki kamar 10/16 ya fi 10/13 jure lanƙwasa ba tare da ya maƙure ba. Baƙin tiyo na robar EPDM ba shi da ƙyalli, amma yana daɗewa kuma ba ya zubar da sinadarin laushi a cikin ruwa kamar yadda wasu tiyo masu haske suke yi. Tiyo mai tauri shi ne wanda ake gani a hotuna yana ɗaukar ido, ana yin sa da roba mai tauri irin akirilik ko PETG, faɗinsa na waje milimita 12 ko 14 ko 16. Lanƙwasa shi sana'a ce mai zaman kanta: a jiƙa sandar silikon da ruwan sabulu a zura a ciki don kada tiyon ya lotse, a riƙe shi sama da na'urar hura zafi ana juya shi ba tsayawa, har sai an ga ya fara sunkuyawa da kansa, sannan a kwantar da shi a kan ma'aunin kusurwa a riƙe har ya huce. Idan ƙananan ƙuraje suka fito a jikinsa, an kusantar da shi ga zafin fiye da kima, sai a jefar a ɗauki wani. Bayan an yanke, a kankare bakin ya yi santsi, in ba haka ba kaifinsa zai yanke zoben roba na cikin mahaɗi tun wajen shigarwa. A sayi tiyo ninki biyu na abin da aka auna, domin na farko da na biyu kusan kullum asara ne.

Kafin ruwa ya shigo cikin magana, a haɗa kwamfutar da fankarta ta asali a kunna, a tabbatar furosesa da RAM da katin hoto duk lafiyarsu ƙalau. Babu abin takaici kamar a gama ɗaura tiyo da cika ruwa sannan a gano cewa katin tun daga kwalinsa matacce ne. A lokacin nan kuma a wanke lagireto, domin ragowar dalma da datti na masana'anta sukan maƙale a ciki: a zuba ruwan ɗumi da aka tace ta hanyar tururi, a toshe bakunan, a girgiza sosai, a juye a farin kwano, a maimaita har ruwan ya fito tas.

Ɗaura bulok a kan furosesa ba ya bukatar dogon bayani: a cire ledar da take manne a ƙasan bulok ɗin, a ɗiga man isar da zafi, a ɗaure notina huɗu a gicciye, kaɗan-kaɗan, har su tsaya. Katin hoto ne yake son natsuwa. Za a kwance fankarsa ta asali gaba ɗaya, wanda a wajen wasu kamfanoni yana iya shafar garanti, a zare wayoyin fanka da na fitila a hankali, a goge tsohon man, sannan a shimfiɗa faifan roba masu isar da zafi a kan ƙwayoyin ajiya da sassan daidaita wuta. Kaurin waɗannan faifai, ko rabin milimita ne ko milimita ɗaya ko ɗaya da rabi, sai an bi shi daidai yadda takardar bulok ta nuna. Idan faifan ya yi kauri zai ɗage bulok daga kan guntun da ya fi kowa zafi, idan ya yi siriri kuma ba zai taɓa komai ba, kuma duka biyun ba a ganinsu da ido sai an kunna zafi ya haura.

Mutane suna yawan musu a kan tsarin zagayen ruwa, ko lagireto ya kamata ya zo kafin furosesa ko bayanta. Musun ba shi da wani amfani, domin ruwan yana gudu da sauri har bambancin zafinsa daga wannan gefe zuwa wancan bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba. Sharaɗi ɗaya ne ba a ketarewa: tanki ya kasance sama da famfo kuma shi yake ba shi ruwa kai tsaye, saboda ruwan ne yake zama maiko ga abin da yake juyawa a cikin famfon, kuma gudu a bushe yana lalata shi cikin ɗan lokaci. Ban da wannan, a bi hanyar da ta fi gajarta da tsabta. A lura da alamar shiga da fita a jikin bulok na furosesa. Sannan a saka bawul na zubar da ruwa a wuri mafi ƙasa a duk zagayen. Na taɓa haɗa wata kwamfuta ban saka shi ba don ina ganin zai ɓata kyan aikin, ranar canjin ruwa kuwa sai da na ɗauki akwati mai nauyi na karkata shi a kan baho ina zare tiyo da hannu ɗaya, ruwa yana bin gwiwar hannuna zuwa kan babban allo. Mahaɗai kuma da hannu ake ɗaure su, ba da filaya ba. Zoben roba ne yake tare ruwa, ba ƙarfin ɗauri ba, kuma akirilik yana tsagewa idan aka matsa masa, haka nan idan aka goge shi da sinadarin alkohol.

Yanzu sai gwajin yoyo, wanda nan ne gaggawa take cin mutane. Hanya mafi aminci ita ce ta iska: akwai ɗan famfon hannu mai agogon matsi da ake ɗaurawa a baki ɗaya, a toshe sauran, a hura har agogon ya nuna wajen rabin bar (ma'aunin matsi), a bar shi minti 15. Idan allurar ba ta motsa ba, zagayen a rufe yake. Idan ta sauka, a bi mahaɗai ɗaya bayan ɗaya, ba tare da ɗigon ruwa ko ɗaya ya taɓa kayan lantarki ba.

Ruwan da za a zuba shi ne ruwan sanyaya da aka riga aka haɗa, ko kuma tataccen ruwan tururi da aka saka wa maganin gansakuka da na hana cin ƙarfe. Ruwan famfon gida yana barin farin gishiri a cikin bulok. Ruwa mai kauri mai launin madara yana da kyan gani, amma ƙwayoyin launinsa sukan kwanta su toshe hanyoyi, ni dai mai haske nake zaɓa. Kafin a zuba, a cire duk wayoyin wuta daga babban allo da katin hoto da ma'ajiyar bayanai, a bar famfo kaɗai a jone. Don na'urar ba da wuta ta tashi ba tare da babban allo ba, ana haɗa koriyar waya da baƙa a filogi mai ƙafa 24, amma tun da yawancin na'urorin yanzu wayoyinsu duk baƙaƙe ne, gara a yi amfani da ɗan murfin da aka ƙera don wannan aiki maimakon a yi ta lalube da guntun waya. A shimfiɗa farar takardar goge hannu ƙarƙashin kowane mahaɗi. A cika tanki da kwalba mai dogon baki, a kunna, ruwan zai zube ƙasa cikin daƙiƙa biyu ko uku, a kashe tun kafin tankin ya ƙare, a sake cikawa, a sake kunnawa, haka har ruwan ya zagayo ya dawo tankin. Za a ji famfon yana ƙara kamar ana kurkurar baki, wannan iska ce da ta maƙale. A karkata akwatin gaba da baya da gefe a hankali, za a ga kumfa tana tasowa daga lagireto tana shiga tanki, ruwan yana raguwa ana ƙarawa. Daga nan a bar famfon yana gudu shi kaɗai awa 24, ana leƙa takardun lokaci-lokaci, ana shafa yatsa a ƙarƙashin mahaɗan da ido ba ya kaiwa.

Idan takardun sun kwana a bushe, a mayar da wayoyi a kunna kwamfutar. A shiga BIOS, wato shafin saitin babban allo, a tsayar da gudun famfo a mataki ɗaya wanda ba ya damun kunne, domin ba ya bukatar hawa da sauka. Fankoki kuma ya fi kyau su bi zafin ruwa ba zafin furosesa ba, tun da furosesa tana iya tsalle da digiri 20 cikin daƙiƙa ɗaya ta dawo, ruwa kuwa a hankali yake ɗumama. Wannan yana bukatar ɗan ma'aunin zafi da ake ɗaurawa a ɗaya daga bakunan G1/4, da babban allo ko na'urar sarrafa fanka mai wurin jona shi. Idan ana aiki mai nauyi ruwan ya fi iskar ɗaki da kimanin digiri 10, lagireton ya wadatar. Kada a bari ruwan ya doshi digiri 60, wanda shi ne iyakar da ake rubuta wa famfon D5, kuma tiyon PETG yana fara laushi ya zame daga mahaɗi idan ruwa ya yi zafi sosai.

A makon farko ruwan tanki zai ɗan ragu yayin da sauran kumfa take fita, sai a ƙara. Bayan haka a riƙa kakkaɓe ƙurar lagireto, a canza ruwa sau ɗaya a shekara, ko duk wata shida idan mai launi ne. Ranar canjin, a kashe kwamfutar a zare ta daga wuta, a jona guntun tiyo a bakin bawul ɗin ƙasa a saka ɗaya bakin a bokiti, a buɗe bawul, sannan a kwance murfin saman tanki don iska ta shiga ta tura ruwan. A duba abin da ya fito a cikin haske: idan akwai kore-kore ko gari a ƙasan bokitin, sai an kwance bulok an wanke siraran hanyoyinsa da buroshi mai laushi kafin a zuba sabon ruwa.