Yadda ake mayar da mai tafiya cikin barci shimfiɗarsa ba tare da an firgita shi ba

Kuskuren da na fi gani a wajen iyaye, wanda ni ma na tafka a daren farko, shi ne yi wa yaro magana kamar wanda yake a farke. Ka fito tsakar dare ka tarar da shi tsaye a bakin ƙofa, ido a buɗe, yana laluben makulli. Ka ce, "Ina za ka? Me kake nema?" Ya yi maka shiru, ko ya yi wata magana marar kan gado. Tsoro ya kama ka, ka cafki kafaɗarsa ka girgiza. Ɗana yana da shekara 7 lokacin da na yi masa haka. Kallona ya yi kamar bai taɓa ganina ba, ya fasa ihu, ya ture ni, ya daɗe jikinsa na ɓari bai san inda yake ba.

Dalilin ruɗewar ga shi. Barci hawa-hawa ne, yana zagayowa kusan duk minti 90. Tafiya cikin barci daga mafi nauyinsa take fitowa, wanda ya fi yawa a farkon dare, shi ya sa galibi awa 1 zuwa 2 bayan kwanciya ake ganinta. Ɓangaren ƙwaƙwalwa mai motsa ƙafa da hannu ya tashi, amma mai tunani da riƙe abin da ya faru yana can yana barci. Tashin mutum a wannan hali ba ya kisa, ba ya haukatarwa, duk da ana yawan faɗar haka. Sai dai fizgo shi daga wannan zurfin farat ɗaya kan sa ya gigice, babba ma har ya kai duka bai sani ba.

To, abu na farko, bar kallon fuskarsa, dubi gabansa. Akwai matakala? Akwai wuta, wuƙa, ko ƙofar waje? Kawar da abin da zai yi tuntuɓe da shi.

Na biyu, nan ne mutane ke faɗuwa. Tsaya a gefensa, kada ka tare masa gaba. Wanda aka tare yakan yi ƙoƙarin ture abin da ya tare shi. Kada ka kunna babbar fitila. Ka sassauta murya ƙasa-ƙasa, kuma kada ka yi tambaya ko ɗaya, don tambaya tana neman tunani, shi kuwa tunanin nasa yana barci. Kalma uku ta isa: "Zo mu kwanta." Ɗora tafin hannunka a bayansa a hankali, ka juya shi kamar kana nuna wa baƙo hanya. In ya noƙe, kada ka ja shi. Sake shi, bi shi taku biyar ko shida, ka sake gwadawa. Ni ƙa'idata, sai na bi da yaro ta banɗaki kafin shimfiɗa, domin cikar mara na cikin abubuwan da ke taso su. Yawanci cikin 'yan mintoci an gama, ya kwanta ya ci gaba da barcinsa.

In tashin ya zama dole, misali ya nufi waje ya ƙi juyowa, ja da baya inda hannunsa ba zai kai gare ka ba, ka kira sunansa da ƙarfi. Da ya farka, ba shi abin da zai kama: "Ni ne, Baba. Kana gida. Dare ne." Maimaita har ka ga idonsa ya dawo daidai.

Sai batun mafarki. Da safe kada ka tsare shi da "me ka gani jiya?" Yawancin yara ba sa tuna komai, in ka matsa sai kunya da tsoron kwanciya su shige su. Mafarki mai dogon labari ya fi zuwa a wani hawan barci dabam, wanda idanu ke motsi da sauri a cikinsa. Masu bincike Eugene Aserinsky da Nathaniel Kleitman ne suka gano shi a Jami'ar Chicago ta Amurka a 1953. Ya fi yawa gab da asuba, kuma a lokacin ƙwaƙwalwa kan ɗaure gaɓoɓin jiki don kada mutum ya aikata abin da yake gani. Manya masu tafiya cikin barci kan tuna ɗan hoto guda, kamar rufin ɗaki zai faɗo ko wani abu ya biyo su. A ganina, in kana neman ma'anar wannan, ka neme ta a ranar da ta gabata. Ya samu isasshen barci? Yana da zazzaɓi? Akwai jarrabawa ko wata damuwa? An fara ba shi sabon magani? Wasu magungunan sa barci, irin su zolpidem, suna jawo haka ga manya. Kuma abin yakan bi jini, ka tambayi dangi.

Ɗauki littafi ka riƙa rubuta lokacin da ya kwanta da lokacin da ya fara tafiya cikin barcin. In lokacin kusan ɗaya ne kullum, riƙa taɓa shi minti 15 zuwa 30 kafin nan, har ya buɗe ido ya amsa, sannan ya koma, na tsawon mako 2 zuwa 4. A matso da lokacin kwanciya. A kulle ƙofa da taga, a ɗauke makulli, kada ya kwana a gadon sama. Ba sai ka sayi wata na'ura ba, 'yar ƙararrawa a jikin ƙofarsa ta wadatar.

Yawancin yara suna dainawa kafin su balaga ko jim kaɗan bayan haka. A je wa likita in yana jin ciwo, in abin na faruwa sau da yawa a mako, in yana minshari mai yanke numfashi, in jikinsa na sandarewa kamar farfaɗiya, ko in da girma ya fara. Wanda ya haura shekara 50 yake kai naushi da shuri gab da asuba, ya farka yana tuna mafarkin sarai, wannan wata matsala ce dabam da ke da alaƙa da cutar Parkinson, wato cutar ƙwaƙwalwa mai sa karkarwar jiki, a kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa.