Yadda za ka ajiye bayanau a rubutun Turanci na fasaha ba tare da ka rikita mai karatu ba

In kana rubuta jagorar amfani da manhaja ko umarnin sarrafa na'ura da Turanci, to ka sa ido kan bayanau, wato kalmomi irin su only, almost, often, slowly. Ƙanana ne amma gusar da ɗaya kaɗan sai maganar ta koma wata daban.

Fara da only, don shi ya fi ba mutane wahala. Mu a Hausa "kaɗai" bayan abin yake zuwa, shi kuwa only kafin abin da yake taƙaitawa ake sa shi. Duba nan:

Only admins can delete files: admin ne kaɗai ke da ikon gogewa.
Admins can only delete files: gogewa kawai za su iya, ba gyara ba komai.
Admins can delete only files: fayil kaɗai za su goge, banda folda.

A baki murya ce ke nuna inda ka nufa, a rubuce kuma babu murya, shi ya sa dole ka manna shi jikin kalmar da yake wa aiki. Almost ma haka: almost failed every test na nufin saura ƙiris ya faɗi amma ya tsallake, failed almost every test kuwa ya faɗi kusan duka, ka ga ai ba ƙaramin bambanci ba ne a rahoto.

Sai wanda ke tsayawa tsakiya yana kallon gabas da yamma, kamar Saving often prevents errors. Yawan adanawa ake nufi ko yawan hanawa? Ba mai sani. Sake gina jimlar kawai: Save often to prevent errors.

Kar ka cusa bayanau tsakanin aikatau da karɓau, wato abin da aikin ya faɗa wa, remove carefully the cover ba ya daɗi a kunnen Bature. Ko dai farko ko ƙarshe. Ni dai in akwai haɗari na fi son farko, Slowly open the valve, saboda mutane suna karantawa suna aikatawa, kafin mutum ya kai ga slowly a ƙarshe ya riga ya murɗa.

Batun wai haramun ne a raba kalmar to da aikatau, irin to quickly restart, kar ya dame ka, littafin ƙa'idojin rubutun Turanci na Chicago Manual of Style ma ya yarda a raba su. Su simply da easily kuwa goge su, wanda abin ya gagara haushi kawai za su ba shi.