Yadda za ka yaudari ƙwaƙwalwarka da safar roba

Ƙanena yana sauke kwandunan tumatir a kasuwar Mile 12 da ke Legas, ƙarfe uku na dare yake barin Agege. Wata Lahadi da hantsi ya same ni a shagon ɗinkina, ido jawur. Ya ce, "Yaya, dannau ya danne ni jiya, kuma wallahi na ga kaina. Ina sama wajen fanka, ina kallon gangar jikina a kan katifa." Ban ƙaryata shi ba. Cewa na yi ya je ya sayo safar roba irin ta wanke-wanke, in nuna masa wani gwaji na yadda ƙwaƙwalwa take ruɗuwa game da jiki.

Wannan gwaji ba ni na ƙago shi ba. Wasu masana biyu a Amurka, Matthew Botvinick da Jonathan Cohen, suka wallafa shi a 1998. Kayan aikinsa duk ba su kai kuɗin kwanon shinkafa ba: safa ɗaya, kwali, zane, da buroshin fenti ƙanana biyu iri ɗaya.

Ka cusa wa safar ƙyallaye har yatsun su miƙe. Ni ragowar atamfa na zuba. Zaunar da mutum gaban tebur ya ɗora hannunsa na hagu, bayan hannun yana sama. Kafa kwalin a tsaye yadda ba zai ga hannun ba, sannan ka ajiye safar a gabansa, a ɓangaren da yake gani. Ita ma ta hagu ce, kuma yatsunta su kalli inda na gaske suke kallo. Tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce taƙi ɗaya. Yafa masa zanen tun daga kafaɗa zuwa bakin safar, ta zama kamar daga jikinsa ta fito.

Inda ake faɗuwa shi ne wajen shafar. Shi zai zuba wa safar ido, kai kuma kana goga buroshi a kan manuniyarsa ta gaske da manuniyar roba a lokaci guda, wuri guda, tafiya guda. In hannunka ɗaya ya riga ɗaya, ka ɓata aiki. Karon farko haka na yi, injin janareta na maƙwabta yana ta ruri, hankalina ya rabu, ƙanen nawa ya ce ba ya jin komai sai ƙaiƙayi. Da na nutsu, ko minti ɗaya ba a yi ba ya ɗago kai: "Yaya, a jikin robar nake jin buroshin." Na ɗauki almakashi na kai wa safar sara, ya fizge hannunsa har kwalin ya faɗi. Ba kowa abin yake kamawa ba, yaron shagona har yau bai ji komai ba.

To me ya faru? Wannan ji da kake yi cewa kana cikin jikinka, ƙwaƙwalwa ce take harhaɗa shi kowane lokaci daga rahoton ido, na fata, na gaɓoɓi, da na wasu 'yan bututu masu ruwa a can cikin kunne, waɗanda suke sa yaro jiri bayan hajijiya. Idan rahotannin suka saɓa, sai ta ɗauki wanda ya fi gamsar da ita. A tebur ɗina ido ne ya yi rinjaye.

Wurin da ake wannan haɗi yana sama da kunne, ta baya kaɗan. A 2002 likita Olaf Blanke da abokan aikinsa a Suwizalan suka ba da rahoton wata mata mai shekara 43 mai fama da farfaɗiya. Da suka sa wa wannan wuri 'yar wutar lantarki ta ɓangaren dama, sai ta ce tana ganin kanta daga sama, kwance a gado. A 2007 kuma wani masani, Henrik Ehrsson, ya kafa kyamara a bayan mutane masu lafiya, ya haɗa da allon da ke idonsu, suka ji kamar suna zaune a bayan jikinsu.

Dannau ɗan'uwan wannan ne. Lokacin mafarki ƙwaƙwalwa tana ɗaure tsokoki don kada ka tashi ka aikata abin da kake gani. In ka farka ba ta kwance su ba, jiki shiru, mafarki bai gama watsewa ba, sai ka ji kana shawagi. Ba ya wuce 'yan daƙiƙoƙi ko mintuna, numfashi kuma bai tsaya ba ko da ƙirji ya yi nauyi. Ka yi ta ƙoƙarin motsa yatsa ɗaya. Ƙarancin barci da kwanciya rigingine suna jawo shi, don haka ka yi addu'arka ka kwanta kan ɓarin dama. Wanda abin yake zo masa ido biyu da rana, ko tare da suma, ya nemi likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, asibitin koyarwa na Idi-Araba ba nisa.

Ƙanena yanzu bayan isha'i yake kwanciya. Safar kuwa ya tafi da ita Mile 12, wai zai gwada ta a kan ubangidansa.