Yadda nake auna nisan hanya da takun ƙafata

Ni tela ne a Marwa, a arewacin Kamaru, shekara ashirin da wani abu ina zaune a kan keke. Da jinina ya hau, likita ya ce in riƙa takawa kilomita uku kowace rana. Na ce masa to, amma a zuciyata ban san ina ne kilomita uku ta ƙare ba. Mu a nan da "kusa ne" da "da ɗan tafiya" muke auna hanya. Sai na koma ga abin da na sani, wato tef ɗin awo da ke rataye a wuyana.

Abu na farko, ka san tsawon takunka. Tef ɗin tela santimita 150 ne, saboda haka idan ka shimfiɗa shi sau 20 a jere ka sami mita 30. Ka nemi fili mai tauri, marar gangara, ka sa dutse a farko da ƙarshe. Idan kana da maƙwabci magini, ari mitarsa, aikin zai fi sauri. Kada ka fara tafiya daga kan dutsen. Ka ja baya kamar taku biyar, yadda lokacin da za ka iso dutsen ƙafarka ta riga ta kama tafiyarta ta kullum. Wannan wurin ne mutane suka fi yin kuskure, domin da zarar mutum ya san ana auna shi sai ya fara buɗe ƙafa kamar soja. Ka yi tafiyar da kake yi idan za ka masallaci ba a tayar da iƙama ba.

Ka yi sau uku. Ni na sami 42, da 43, da 44, sai na ɗauki na tsakiya. Mita 30 santimita 3,000 ce, na raba da 43, ya ba ni kusan santimita 70. A kilomita ɗaya akwai santimita 100,000, idan an raba da 70 sai a sami taku kusan 1,430. Lambar nan na rubuta ta da alli a bangon shago.

Maiɗakina ma ta gwada, da zanenta da silifas kamar yadda take fita unguwa. Taku 48 ta yi, wato santimita 62 da rabi, kilomitarta kuwa taku 1,600 cif. Taku 10,000 ɗin nan da ake yawan faɗa, wanda ya samo asali daga tallar wata na'urar ƙirga taku a Japan a 1965, a wurina kilomita 7 ne, a wurinta 6 da kwata. Shi ya sa ban yarda mutum ya ari lambar wani ba.

Sai ƙirgawa a hanya, kuma nan ne wahalar take, don a Marwa ba ka tafiya mai nisa ba a tare ka da gaisuwa ba. Dabarata ita ce ƙwallon dabino. Ina zuba guda ashirin a aljihun dama, ƙafar dama kaɗai nake ƙirgawa, duk lokacin da na kai 50 na san taku 100 ke nan, sai in mayar da ƙwallo ɗaya aljihun hagu. Ko an tsayar da ni ana tambayar iyali, abin da zai ɓace mini bai kai ɗari ba. Daga gidana a Domayo zuwa shago na sami taku 1,860. Na ninka da 70, ya zama mita 1,300 da 'yan kai. Zuwa da dawowa kilomita 2.6, saura mita 400, sai nake ƙara zagaye ƙarƙashin itatuwan darbejiya bayan la'asar.

Wayar hannu tana ƙirga taku da kyau in tana aljihu, amma nisan da take nunawa sau da yawa kintace ne daga tsayin mutum, kusan kashi 41 cikin 100 na tsayinsa. Idan akwai wurin shigar da tsawon taku, ka sa naka da ka auna.

Ƙasa ma tana canza lissafi. Da rani, idan na yanke ta cikin busasshen kogin Mayo Kaliyawo maimakon hawa gada, yashi yana cinye mini ƙafa, takuna ya gajarta. Haka hawan tudu, haka ɗaukar kaya, haka zafin watan Afrilu lokacin da jiki ya yi laushi. Wanda hanyarsa ta yashi ce, ya sake shimfiɗa mita 30 ɗinsa a cikin yashin, ya riƙe lamba biyu.

Ƙanena ya ɗauki dabarar ya kai gona. Kwatan hekta, wanda muke kira "kar", mita 50 ne kowane gefe, wato taku 71 ko 72 a ƙafata. Bana kafin ya biya kuɗin hayar filin albasa sai da ya taka gefuna huɗun a gaban mai filin, ya tarar gefe ɗaya ya gaza da taku takwas, suka zauna suka daidaita kuɗin.