Yadda Ake Gane Tsohon Keken Ɗinki Na Singer Kafin A Saya, Da Yadda Ake Tsabtace Shi

Yawancin masu fara tara tsofaffin kekunan ɗinki a makon farko suke lalata abin da suka saya. Mutum zai samo kan keke a wurin 'yan gwangwan ko a ɗakin kakarsa, zumuɗi ya ɗebe shi, ya nemo samfefa da fenti, kafin Juma'a ya mayar da keke mai shekara tamanin kamar wanda aka sauke daga kwantena jiya. Na ga haka har na gaji da gani, ni ma kuma na taɓa yin ɓarnar da ta fi wannan ciwo, zan zo kanta.

Da farko dai, kada sunan da ke jikin keken ya ruɗe ka. Rubutun SINGER shi ne abu mafi sauƙin ƙirƙira. Masu gyara suna fesa wa kan Butterfly ko wani keken Indiya baƙin fenti, su manna masa takardar ado mai sunan Singer, su sayar wa wanda bai sani ba. Kuma kamannin gaske ne, domin Butterfly na Shanghai da ɗimbin kekunan da Japan ta ƙera bayan Yaƙin Duniya na Biyu duk kwaikwayon samfurin Singer 15 ne. Ba wai ba su da kyau ba, teloli da yawa da su suka yi aure suka gina gida. Sai dai kada ka biya kuɗin Singer ka tafi gida da Butterfly.

Abin da za ka fara nema shi ne lambar keken. Tana kan faifan ƙarfen da kan yake zaune a kai, ta hannun dama, a gindin ginshiƙi. Yawanci daskararren mai da ƙura sun rufe ta. Ɗiga man keke, ka goge da tsumma, ka haska da fitilar waya daga gefe. Lambar asali bugawa aka yi a cikin ƙarfe, za ka ji ta da farce. In babu harafi a gabanta, lambobi ne zalla, to keken ya girmi shekarar 1900, kuma da wuya ka ci karo da irinsa. Abin da ka fi samu a ƙasashenmu shi ne ƙirar masana'antar Clydebank da ke Sikotland, wadda ta yi aiki tun shekarun 1880 har aka rufe ta a 1980, tun da ta hannun kamfanonin Ingila kaya suke shigowa a zamanin mulkin mallaka. Lambar da ta fara da Y ta can ce, daga shekarun 1920 zuwa 1935. Daga 1935 suka koma haruffa biyu masu farawa da E, wato EA, EB, EC, haka har gaba. Na masana'antar Elizabethport ta Amurka kuwa, G ne daga 1910 zuwa 1924, sannan AA, AB da sauransu. Ƙungiyar masu tara kekuna ta ISMACS tana da jadawalin lambobin nan, yana nuna samfuri da ranar da aka ware lambar. Ka lura, ranar ware lamba ce, ƙirar kanta tana iya zuwa bayan makonni ko watanni. Ni dai ba na taya keke sai na duba jadawalin nan a gaban mai shi. In jadawali ya ce 99K, abin da ke gabanka kuma siffar 15 gare shi, ka yi sallama ka wuce.

Wannan K da ake liƙa wa samfuri, kamar 15K ko 66K, daga sunan Kilbowie ne, unguwar da masana'antar Clydebank take.

Tsofaffin ba a rubuta lambar samfuri a jikinsu, sai ka koyi ganewa da ido. Dubi inda madaidaicin zare yake, wato 'yan fayafayan nan biyu da zaren sama ke ratsawa. In yana can ƙarshen hagu a jikin murfin fuska, ƙoshiya kuma a tsaye take ana sa ta daga gefe ta ƙasa, 15 ne. In yana gaba yana kallon mai ɗinki, ana jefa kwarkwaro a kwance daga sama, to 66 ne ko 99 ko 201. 99 ƙanen 66 ne, kashi uku cikin huɗu na girmansa. 201 kuwa da ka juya wili za ka gane, ba ya ƙara, sulɓi kawai, kuma a ganina Singer bai taɓa ƙera keken gida da ya kai shi ba. Akwai kuma masu doguwar ƙoshiya kamar kwalekwale da murfi biyu masu zamewa, su ne 27 da 28 da ƙannensu 127 da 128. Suna da kyan ajiya, amma in ƙoshiyar ta ɓata kada ka saya, ba za ka same ta a kasuwa da sauƙi ba. Mai dogon hannu siriri da masu gyaran takalma ke amfani da shi 29K ne, shi ko a wane hali ka same shi ka tsaya ka yi ciniki.

A ginshiƙin dama akwai tambarin tagulla mai siffar ƙwai da aka kafe da 'yan ƙusoshi. In ka ga mai shuɗin baki ɗauke da 1851 da 1951, na bikin cikar kamfanin shekara ɗari ne, masu tarawa suna son sa.

Sannan ka juya wili a hankali, ka kwantar da kan ka leƙa cikinsa. Keken da ya cije ba ya ba ni tsoro, galibi tsohon mai ne ya daskare, musamman inda aka yi ta zuba masa man gyaɗa ko baƙin man inji. Abin da ke hana ni saye shi ne tsagewa a gangar jiki. Ƙarfen zubi ne, walda ba ta cika kama shi da kyau ba, kuma ko ta kama sandar allura ba za ta ƙara zama daidai ba. Ƙirga sukurori ma. Singer yana da nasa irin zaren sukuru, na shagon kayan gini ba ya shiga, duk wanda ya ɓata sai dai ka ciro daga wani mataccen kai. Shi ya sa in na samu mataccen 15 da araha a wurin masu awon kilo nake saye don kayan cikinsa. Teburi da ƙafafun ƙarfe kuwa kada su zame maka hujjar shekaru, teloli suna musanya kai da teburi yadda suka ga dama.

Yanzu ga inda nake so ka nutsu. Adon zinariyar nan da ke jikin keke, furanni ko zanen Masar mai fukafukai, takarda ce siririya ƙwarai da aka manna a kan baƙin fenti, aka shafe samanta da wani siririn varnish na shelak. Wannan shafin shi kaɗai ke kare ta, kuma bayan shekaru sittin ko tamanin ya riga ya tsattsage. Na taɓa samun 66K mai adon furen bado, adon duk yana nan sai ɗan inda hannu ya goge a gaban allura. Na kawo shi gida da yamma, na ga ya yi dauɗa, na jiƙa tsumma da sifirit na fara daga hannun keken. Shafa biyu na yi. Na ɗaga tsumman na ga ya yi ruwan ƙasa-ƙasa, na ɗauka dauɗa ce ke fita, na ƙara. Ashe shelak ne ke narkewa. Kafin in ankara zinariyar harafi uku ta koma fari kamar azurfa, ja da koren furen sun bi tsumma. Abin da ya tsira daga hannun teloli tun kafin a haifi mahaifina, ni na kashe shi cikin minti ɗaya, kuma babu mai gyaran da zai dawo da shi. Har yau keken yana nan, in na dube shi raina yana sosuwa.

Saboda haka ga doka: babu sifirit, babu fetur, babu tina, babu ruwan omo, babu man goge mota a kan ado. Man keke kawai, farin nan marar kauri, da auduga ko tsohuwar singileti mai laushi. Ɗiga man, ka bar shi ya kwana, washegari ka shafa a hankali kamar mai share wa jariri ido. Fara da bayan ginshiƙi inda ba a gani. Ka riƙa duba audugar bayan kowace shafa. Baƙi ko ruwan ƙasa mai maiƙo dauɗa ce, ci gaba. Da ka ga ƙyalli ko launi, tsaya nan take, wurin ya gama karɓar abin da zai iya. Aikin yakan ci kwana huɗu ko biyar, wani lokaci fiye. Wanda ba shi da wannan haƙurin gara ya bar keken da dauɗarsa, domin dauɗa ba ta rage masa daraja kamar yadda gogaggen ado ke ragewa. Kuma don Allah a bar sabon fenti. Gurbin da hannun tela ya cinye a kan faifai shaidar aikin da keken ya yi ne, mai saye da ya san abin yana neman sa.

Tsumman da teloli ke naɗawa a hannun keke don soke allurai, ka kwance shi tun a kasuwa ka duba ƙarƙashinsa. Sau da yawa allurai sun farfashe fenti da adon wurin.

Cikin keke shi ne wurin kananzir. Kwantar da kan a kan tsohon buhu, ka ɗiga a kowace gaɓa da ke motsi, ka kiyaye kada ya gangaro kan ado. Bar shi ya jiƙu, ka riƙa girgiza wili gaba da baya kaɗan-kaɗan. Kada ka sa ƙarfi, kada ka sa guduma. In ya ƙi, ajiye shi a rana ya ɗumama, daskararren man zai saki. Da ya fara juyawa sai ka goge kananzir ɗin ka bi da man keke. Murafai masu ƙyalli da farantin allura ka kwance su ka goge daban, da sukundireba da ta cika bakin sukurun daidai, in ba haka ba za ka cinye kansa. Cire tarin auduga daga tsakanin haƙoran da ke jan yadi a ƙarƙashin farantin allura.

Sauran mai sauƙi ne. Allurar keken gida ta yau da kullum, mai lamba 15x1, tana shiga 15 da 66 da 99 da 201. In ya ƙi kama zare, kafin ka zargi keken ka duba fuskar allura: a 66 da 99 da tsohon 15 gefen da yake shafaffe dama yake kallo, a 201 da 15-88 da 15-91 (nau'o'in 15 da suka biyo bayan tsohon) hagu. Ƙoshiyar 15 ma iri biyu ce, mai ɗan yatsa a ƙarfe ɗaya na agogo da mai ƙarfe goma sha ɗaya, ba sa musanyuwa, kuma ta kasuwa galibi mai ƙarfe ɗaya ce irin ta Butterfly. Kwarkwaron 15 ba ya zama a 66. Rubuta lamba da samfuri da inda ka samo shi a littafi, ka rufe keken da yadi saboda ƙurar hunturu, ban da leda, tana tara gumi da damina ta jawo tsatsa. Ɗaga teburin daga ƙasa saboda gara, ka riƙa juya wilin ko sau ɗaya a wata.