Kurakuran da mutanenmu ke yi wajen neman bindigar farauta in sun je Afirka ta Kudu

Jama'a wannan maganar ta daɗe tana cina, don mutum uku kenan suna tambayata abu ɗaya tun da na dawo daga farauta a lardin Limfofo na Afirka ta Kudu, wai shin in mutum ya sauka Johanasbag a ina zai sayi bindiga yayi farautarsa ta sati biyu ko wata ɗaya, in ya gama ya sayar ya dawo gida. Toh dan Allah ku saurara da kyau, don wannan tambayar ita kanta ita ce kuskure na farko kuma mafi girma.

Baƙo baya sayen bindiga a Afirka ta Kudu. Ba zancen kuɗi bane, ba kuma zancen wa ka sani ba. Dokar bindigoginsu, wato doka mai lamba 60 ta shekarar 2000, ta ce kafin a baka lasisin mallaka sai kana da takardar shaidar cancanta, ita kuma wannan takardar ba a bayar da ita sai ga wanda ya kai shekara 21 kuma ɗan ƙasa ne ko mai takardar zama na dindindin. Kai da ka shigo da bizar yawon buɗe ido kaga ai ko layin ma baka shiga ba. Su kansu 'yan ƙasar watanni suke jira kafin lasisi ya fito. Duk wanda ya ce maka a otel ko a waya "Alhaji bari zan haɗa ka da wani zai samo maka", wallahi ka guje shi, bindigar da bata da lasisi a can laifi ne na ɗaurin shekaru, kuma ba wanda zai saurari cewa ai farauta kazo yi.

Hanya biyu ce kawai ta halak. Ko ka shigo da taka daga gida da izinin wucin gadi, ko kayi hayar ta masu sansanin farautar da ka biya. Ni dai ra'ayina tun yanzu in faɗa, in na kaka ɗaya ne, kayi haya. Zan zo kan dalili, amma bari mu fara da masu cewa su dole sai da tasu.

Fom ɗin da ake cikewa sunansa SAPS 520, na 'yan sandan ƙasar ne, kuma shi kansa izinin kyauta ne a ofishinsu dake filin jirgin O.R. Tambo na Johanasbag. Amma ƙananan abubuwa ke kada mutane. Da baƙin biro ake cikewa, ba shuɗi ba. Sannan baka sa hannu a gida, sai a gaban ɗan sandan da zai karɓa, in kuwa an riga an nema maka izinin tun kafin ka taso toh wannan wani tsari ne daban, wanda ya nema maka zai faɗa maka inda zaka sa. Ranar da na sauka na raka wani dattijo da muka haɗu a jirgi zuwa wannan ofishin, ya fito da fom ɗinsa a cikin leda tsaf, kowane shafi ya rattaba hannu tun daga gida don yana ganin ya gama aiki. Aka miƙo masa sabo aka ce ya sake daga farko, ga gajiyar tafiya ga tabaransa na cikin babbar jaka, na riƙe masa fasfo yana kwafar lamba ɗaya bayan ɗaya, kafin ya gama jirginsa na cikin gida ya tashi ya barshi. Abin ya taɓa ni sosai don ba komai ya jawo ba illa ba wanda ya faɗa masa.

Kuma wannan ya kawo mu kan tikiti. A filin jirgin da ka fara sauka ake duba bindiga, ba a inda zaka ƙare ba. In kana da wani jirgin zuwa Folokwane ko can gabashin Kef kada ka bar awa ɗaya a tsakani, ka bar awa uku ko fiye, don watannin Mayu zuwa Agusta lokacin sanyinsu ne kuma lokacin farauta, maharba na sauka da yawa a tare, layi yana tsawo. In ma Namibiya ko Zimbabuwe zaka wuce amma zaka karɓi kayanka ka kwana a Johanasbag, sai ka nemi izinin wucewa da wannan fom ɗin dai.

Abin da za a nema tare da fom: kwafin fasfo, tikitin komawa, wasiƙar gayyata daga kamfanin farautar mai nuna inda zaka yi da kwanakin da zaka yi, shaidar cewa bindigar taka ce, sai kuma takardar da ta nuna ƙasarka ta yarda ka fita da ita. Wannan ta ƙarshen ita ce mutanenmu ke mantawa kwata-kwata, ana ta tunanin can an manta da nan. A Najeriya dokar bindigogi ta 1959 ta kasa su kashi uku, akwai waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa, akwai na amfanin kai irin bindigar farauta da sufeto janar na 'yan sanda ke ba lasisi, sai irin su adaka da ke hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha. Lasisin riƙewa a gida daban, izinin fita da ita da dawowa da ita daban. Mutum zai iya fita lafiya, ya gama farautarsa lafiya, ya dawo Legas ko Abuja kwastam su riƙe bindigar saboda bashi da takardar sake shigowa da ita. Ka fara daga wannan ɓangaren tun watanni kafin tafiya, in bai samu ba toh magana ta ƙare, haya zaka yi.

Lambar jikin bindiga kuma ka duba ta da idonka, ka haska da tocila, harafi da harafi, ta zama daidai da wadda ke kan lasisi da wadda ka rubuta a fom. Sifili da harafin O sun sha jawo rigima. Ɗan sandan zai buɗe akwatin ya karanta da kansa.

Sai abin da ba a shigowa dashi. Bindiga mai sarrafa kanta ba zancenta, raifil mai ɗana kanta bayan kowane harbi ita ma ba a bari baƙo ya shigo da ita don farauta. Ba a yarda da bindiga biyu masu cin harsashi iri ɗaya ba, harsashi kuma bai wuce 200 ga kowace bindiga, kuma dole ya zama na bindigar da ka zo da ita. Wanda bai kai shekara 21 ba baya shigo da bindiga da sunansa, don haka mai son zuwa da ɗansa ya sani. Su kuma kamfanonin jirgi nasu ƙa'idar daban, harsashi baya wuce kilo 5, a kwalinsa na asali ko akwatin da aka yi dominsa, bindiga babu harsashi a ciki, a akwati mai tauri mai kwaɗo. Kuskuren anan shi ne sayen tikiti mai araha kafin a tambaya. Ba kowane kamfani ke ɗaukar bindiga ba, wasu sai ka sanar dasu kwanaki kafin tafiya, wasu ƙasashen kuma ko wucewa kawai zaka yi ta filin jirginsu sai da izininsu, kamar Holan in ka bi ta Amsadam. Ka kira su kafin ka biya, ba bayan ka biya ba.

Wani abu da ya dace da halinmu na kyauta, shi yasa nake jan kunne a kai. Ka ji daɗin zama da mai jagorar farautar, ko yaron da ke bin sawu ya burge ka, zuciyarka ta ce bari in bar masa bindigar nan tukwici. Kada ka soma. Duk bindigar da ta shigo da izinin wucin gadi dole ta fita tare da kai, ba sayarwa ba kyauta ba ajiya, za a duba takardar ranar tafiyarka. In kana son kyautatawa ka bayar da kuɗi. Ita takardar izinin kuma kullum tana jikinka in kana tare da bindigar.

Toh yanzu mu zo kan haya, wadda na ce ita nafi so. Sashe na 22 na waccan dokar ya ba mai lasisi wanda ya kai shekara 21 damar barin wani yayi amfani da bindigarsa matuƙar yana tsaye a kansa. Dama kuma baƙo baya farauta shi kaɗai a can, sai tare da ƙwararren maharbi mai rajista, wanda suke kira PH. Kenan ka sauka da jakarka kawai, ba fom ba layi ba kwastam, bindiga na jiranka a sansani an riga an daidaita ta, yawanci ma da abin rage ƙara a bakinta don a can halak ne kuma yana rage dukan kafaɗa. Kuɗin haya wasu na lissafawa kullum wasu kan kowane harsashi, in ka haɗa shi da wahalar da ka tsallake zaka ga riba ce.

Amma ita ma hayar akwai inda ake tuntuɓe. Na farko mutum baya tambaya sai ya iso. Ka tambaya a rubuce tun kana gida: wace bindiga ce, wane harsashi take ci, nawa ne, kuma in kai bahago ne ka faɗa tun wuri don yawancin na sansani na hannun dama ne. Na biyu mutum yana ɗauka tunda an ce haya toh tasa ce ta kwanakin, ya ɗauka ya shiga ɗaki da ita ko ya ce zai ɗan zagaya daji shi kaɗai da yamma. A'a. Da mai lasisin ya bar wurin, riƙon da kake mata ya zama laifi, kai da shi duka. 

Girman harsashi shi ma ana kuskure, kuma son girma ke jawowa. Mutum zai ce a bashi mafi ƙarfi. Ga impala, irin barewarsu, da mugun dawa da kanki da wadda suke kira kudu mai murɗaɗɗen ƙaho, .308 Winchester ko .30-06 sun wadatar har da saura. Sai in ɓauna zaka nema ne ake maganar .375 H&H zuwa sama, wannan kam ba wasa a ciki. Wanda bai saba ba ya ɗauki babba, harbi biyu kafaɗarsa ta yi tsami, daga nan ya fara runtse ido yana fizgar kunama kafin ta tashi, shi kenan saiti ya lalace.

Inda nafi so ku tsaya kuwa shi ne nan. Yawancinmu da muka taso da farauta da bindigar ƙwanso mai watsa harsasai muka saba, ka ɗaga ka bi dabba ka saki. Raifil ba haka take ba, ƙwaya ɗaya ce, kuma ta cikin madubin saiti kake kallo. Safiyar farko za a kai ka filin gwaji, a kafa takarda a mita 100, kada ka ce ai ni tsohon maharbi ne a wuce wurin. Ni ranar sanyi ya kama yatsuna, na kai idona kusa da madubin fiye da kima don in ga da kyau, ina taɓa kunama ƙarfen ya dawo ya tsaga min gira, jini har kan kwalar riga. Maharbin ya gyara min zaman gindin bindigar a kafaɗa, ya ja kaina baya kamar faɗin yatsu huɗu, ya ce in saki numfashi rabi sannan in matsa a hankali har harbin ya zo min ba zato. Harsashi shida muka ƙona kafin uku suka taru wuri ɗaya. Ko da taka ka zo sai kayi wannan gwajin, don jifa da akwati a jirgi yana gusar da saiti. Sannan a daji ba kan tebur zaka harba ba, a tsaye ne kan sanduna uku da ake kafa maka, in kana da hali ka ɗaure gora uku a gida ka dinga gwada tsayuwar ko da sanda ce a hannunka.

Dalilin da yasa na dage, a can ƙa'ida ce in ka harbi dabba aka ga jini toh ka biya kuɗinta cif, ko an same ta ko ba a samu ba. Bayan kuɗin ma akwai hakkin dabbar, ka barta da harsashi a ciki tana yawo kwana da kwanaki, wannan abu ne da musulmi bai kamata ya ɗauka da sauƙi ba. Ka faɗa wa maharbin tun ranar farko cewa kai zaka yi bismillah lokacin harbi kuma in kun tarar da ita da rai zaka yanka, ka tanadi wuƙa mai kaifi a sansani, sun saba da baƙi musulmi kuma zai faɗa maka lokacin da babu haɗari ka matsa kusa, don ƙahon dabba mai rauni yana kisa. Naman dai a can zaka ci, ba a barinka ka hau jirgi dashi, har busasshen naman nan nasu mai kama da kilishi da suke kira biltong ka tambayi dokar ƙasar da zaka sauka kafin ka cusa a jaka.

Katin rigakafin shawara kuma kada ka manta shi a gida saboda hankalinka ya tafi kan bindiga. A watan Maris na 2012 an mayar da 'yan Najeriya 125 daga filin jirgin Johanasbag kan zancen wannan katin, har abin ya zama rikici tsakanin ƙasashen biyu. Ka yi allurar a wurin da hukuma ta amince aƙalla kwana 10 kafin tafiya, ka sa katin cikin fasfo tare da wasiƙar gayyatar, don su za a fara tambayarka kafin ma ka kai ga inda ake karɓar kaya.