Yadda ake sa tawada ta kama jikin roba da injin filazma

Duk mai buga suna a kan kofuna da bokitan biki a nan Gombe ya taɓa shan wannan kunyar: ka buga sunan amarya da ango tsaf, bayan kwana uku uwar biki ta dawo shago tana kankare rubutun da farce a gabanka. Sabon shiga sai ya ɗora wa tawada laifi, ya je ya sayo mai tsada. Ita ma ta ɓare, domin matsalar a jikin robar take.

Kifa kofin ka duba gindinsa. In ka ga lamba 2 ko 4 ko 5 a tsakiyar kibiyoyi uku, ka gamu da robar da ba ta yarda komai ya manne mata. Akwai ma'aunin yadda fatar roba take karɓar tawada, ana kiransa dain: irin waɗannan robobi suna tsayawa wajen 29 zuwa 31, tawada kuwa sai an kai 38 ko sama take kamawa. Wannan giɓin injin filazma yake cikewa. Yana jan iskar kwampreso ya bi da ita ta cikin lantarki mai ƙarfi, ta fito ta bakin bututu kamar harshen wuta, ta dasa oksijin a fatar robar ta sama. Ido ba ya ganin canjin. Masu buga leda suna da ɗan'uwansa, wato korona (ba ta annoba ba), wadda wani injiniya ɗan Denmak, Verner Eisby, ya ƙirƙiro a 1951.

Fara da gogewa, da sifirit da tsumma mai tsabta. Ban yarda da fetur ko kananzir ba, maiƙo suke bari. Ka buɗe ƙasan tankin kwampreso ka zubar da ruwan da ya taru, ka sa masa matata, don iska mai ruwa da maiƙo ɓata aikin take yi. Sannan ka riƙe bakin bututun kamar santimita ɗaya daga jikin kofin, ka wuce da shi sau ɗaya, ba tsayawa. Wanda ya tsaya wuri guda yana neman lada sai ya ga robar ta yi ƙyalli ko ta lanƙwashe, kuma fatar da ta sha wuta fiye da kima tare da tawadar take ɓarewa. Ka bar taga a buɗe. Warin nan mai kama da na bayan tsawa ba na shaƙa ba ne.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Ɗiga ruwa a kan kofin da ba a taɓa ba, za ka ga ya dunƙule yana gangarawa kamar a kan ganyen gwaza. A wanda ya sha filazma sai ya baje ya kwanta. Mai hali ya sayi alƙalamin gwajin dain mai lamba 38, ya ja layi da shi a jikin kofin: in layin ya tsaya daƙiƙa biyu bai tsinke ya zama ɗigo-ɗigo ba, an dace.

To ga inda ni na faɗi. Wata Laraba a watan Afrilu na bi kofunan wani biki duka da injin, gwajin ruwa ya yi kyau, sai aka ɗauke wuta. Na ce wa yarona, "Kai, tattara min su." Ya cusa su cikin juna da hannun da ya gama cin awara, muka ajiye a ƙarƙashin rufin kwano. Sai Asabar muka buga. Rabinsu farce kawai ya tafi da rubutun, Hajiya uwar bikin kuwa ba ta bar ni da ko kuɗin tawada ba. Abin da ban sani ba a lokacin shi ne aikin filazma gushewa yake yi. Oksijin ɗin da aka dasa yana juyawa ya nutse cikin robar, sinadarin santsi da masana'anta suke zubawa yana tasowa sama, zafi kuma yana hanzarta su duka biyu. Ka haɗa da maiƙon yatsa, ko ƙurar hunturu in lokacinta ne, ka koma gidan jiya. Tun daga ranar dokar shagona ɗaya ce: a bi goma da injin, a buga goma. A kama kofi ta ciki, kada a jera su cikin juna, in kuma babu tabbacin wuta ko man janareta kada ma a fara.

Na san injin ba na kowa ba ne, kuɗinsa da nauyi. Wanda bai kai ba ya yi da kan gas mai shuɗiyar wuta, wucewa ɗaya da sauri. Jar wuta hayaƙi kawai take shafawa.

Sauran ka sani: buga, bar shi ya bushe yadda mai tawadar ya rubuta a gwangwani. Kafin ka kira mai kaya ka zaɓi kofi ɗaya, ka tsaga rubutun da reza a tsaye da kwance, ka manna salatif ka danne da babban yatsa, ka fizge. In tawada ta biyo salatif, kada kayan nan su fita daga shago.